Marowatan Kurmala

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa teku Ya yayyafa tsibirai a kanta, Ya ba kowace halitta ƙira, Ya ba kowace ƙira wurin zama. Ku matso, ya ku masu son labarin nesa, ku ji abin da ya sami Cindo ɗan Barmo, matuƙin kwalekwale, wanda ya fita neman magani ya dawo da sani, sanin kuwa bai shayar da kowa ba. Ni ne Cindon, ga kuma hannuna na dama ku duba, yatsu shida ne.

An haife ni a Kurmala, wani tsibirin dutse a tsakiyar Tekun Toka, can bayan inda taurarin da kuka sani suke ƙarewa. Ba mu da rijiya, ba mu da rafi. Abin da muke da shi wata bishiya ce da muke kira uwar-raɓa. Ƙananan rassanta sirara ne kamar tsinken tsintsiya, su ke kama raɓar asuba, ruwan ya gangaro ta jikinta ya taru a kogon gindinta. Kowane gida da bishiyarsa, daga nan ake sha, daga nan ake girki. Ran da uwar-raɓa ta mutu, ran nan gidan ya tashi.

Bayan bishiya, abin da muke girmamawa shi ne ƙadangare. Namu manya ne, masu dogayen ƙafafu, masu gudu a kan dutse. A tsakiyar gari akwai wani faffaɗan dutse da ake kira Dutsen Shaida, kuma a Kurmala ba a ɗaura aure, ba a raba gardama, ba a yanke shawara, sai an faɗi maganar a gaban dutsen nan, ƙadangare ya miƙe a kan ƙafafunsa ya gyaɗa kai kowa ya gani. Ni dai tun ina saurayi na lura cewa ko me aka faɗa musu gyaɗawa suke yi. Na taɓa faɗa wa wani cewa uwarsa akuya ce, ya gyaɗa har sau biyu. Amma irin wannan magana ba a yin ta a gaban manya.

To, a kowace ƙyanƙyasa akan sami waɗansu 'yan ƙadangaru masu gajerun ƙafafu, cikinsu kusa da ƙasa. Waɗannan in sun gyaɗa kai ba a gani sosai, don haka muke kiransu marowata, wato masu rowar shaida, kuma muna ganin barinsu a raye yana jawo munafunci cikin gari. A duk tsibirin wuri ɗaya ne ke da yashi, wata 'yar gaɓa ta kudu, can dukkan ƙadangaru suke binne ƙwai. In lokacin ƙyanƙyasa ya yi, sai Uwar Tsince ta zauna a wurin da faifai, ta duba kowane ɗa, ta saki masu dogayen ƙafafu, marowata kuwa ta juye su a teku. Kakarmu ta riƙe wannan aiki, uwarmu ta gada, bayan rasuwarta ya faɗo kan yayata Tabawa. Ita ta raine ni. Mace ce mai tsabtar aiki da taurin kai, ba ta taɓa yin abu rabi ba a rayuwarta.

Masifar ta daɗe tana tahowa a hankali. Tsofaffi sun ce da can akwai wani ɗan tsuntsu mai launin ƙasa da ke kiwo a kan siraran rassan uwar-raɓa, sai wata babbar guguwa a zamanin kakarmu ta share su, ko ɗaya bai rage ba. Daga nan wata farar tsutsa ta samu sake. Tana huda tsinken reshe, reshen ya bushe, raɓa ta rasa abin kamawa. Ƙadangarunmu suna son cin ta, amma in sun hau siririn reshe sai su yi tangaɗi su faɗo, ƙafafun sun yi musu tsawo. Mun gwada hayaƙi, mun gwada toka, mun gwada tsincewa da hannu har rassan suka riƙa karyewa. A zamanina kogon da ke cika tulu ya koma ba ya cika ƙwarya, bishiyoyin gabas suka mutu, masu su suka shiga jirage suka tafi ba labari.

Wani baƙon masunci da iska ta jefo mana ya ce ya taɓa jin labarin tsibirin da ƙadangarunsa ke kiwo a kan tsinken reshe. Dattawa suka kai maganar Dutsen Shaida, suka tambaya ko Cindo ya tafi nema, ƙadangaru suka gyaɗa. Tabawa ta cika mini goruna da ruwan bishiyarmu, ruwan da ita kanta take bukata, ta raka ni gaɓa. Ta ce ita ta san dalilin masifar: marowata sun yawaita tun zamanin kakarmu, wataƙila waɗansu suna kuɓuce wa faifai, kuma za ta ƙara sa ido.

"Kai dai je ka dawo," in ji ta. "Kafin ka iso na tsabtace maka gida."

Na ce, "Allah Ya yarda, Yaya." Na tura kwalekwale ina jin daɗin maganarta.

Tsibirin farko da na taras ba shi da ko ciyawa ɗaya, baƙin dutse ne mai tsage-tsage. Ina sauka na ga inuwa ta wuce kaina. Shirwa ce, amma fukafukinta ya fi tabarma faɗi, kuma ba ita kaɗai ba ce. Na waiga, sun riga sun tare mini hanyar jirgi. A lokacin na ga wani abu ya sulale daga ƙarƙashin ƙafata ya shige tsaga. Ƙadangare ne, fuskarsa irin ta namu sak, amma jikinsa a baje kamar waina, ƙafafunsa a buɗe gefe da gefe. Na ce abin da ya cece shi zai cece ni. Na nemi tsaga mafi faɗi, na fitar da numfashi, na cusa kaina a kwance ta gefe, dutsen yana kankare mini fata. Shirwa ta zura ƙafa ta kama rigata, ta ja, na maƙale da ɗan yatsan nan na shida a wani kunnen dutse har rigar ta yage ta tafi da ita. Na kwanta a nan tare da ƙadangarun, muna kallon juna, har rana ta take, dutsen ya yi zafin da tsuntsayen ba su iya sauka. Na fito da gudu, tafin ƙafata yana ƙuna, na faɗa jirgi.

Daga nan iska ta kai ni wani tsibiri kore shar, na yi murna na ɗauka ƙasa ce. Ashe doguwar ciyawa ce ta sarƙe tana yawo a kan ruwa. Na taka, na yi 'yan taku, sai ƙafata ta burma har cinya, ɗayar ma ta bi ta. Duk motsin da na yi ƙasa nake yi. A gabana, kan karan ciyawa, ga ƙadangaru sirara masu wutsiyar da ta ninka jikinsu, suna miƙe a kan kara ɗaya ba ya ko lanƙwasa. Da na ga yadda suke shimfiɗa nauyinsu, sai na daina ƙoƙarin tsayawa, na kwanta rub da ciki, na miƙa filafilin tuƙi a gabana, na baza hannuwa da ƙafafu, na ja jiki kaɗan-kaɗan har na kama bakin jirgi. Gorata ɗaya ta nutse a wurin, na yi baƙin cikinta ƙwarai, don ruwan Tabawa ne.

Na wuce wani tsibiri kuma inda babu akuya, babu tunkiya, babu wata dabba mai cin ganye, sai ƙadangaru da suka kai girman ɗan maraƙi, masu kaurin muƙamuƙi, suna kiwo a fili garke-garke. Ban sauka ba. Amma abin ya fara damuna a zuci, domin duk inda na je fuskar nan ce dai ta gida take kallona daga wani jiki dabam.

Ruwana ya ƙare, leɓuna sun tsattsage, kafin na hango Dankaro, babban tsibiri mai duwatsu da kurmi. Mutanensa ba su bar ni na taɓa ƙasa ba. Suka tare ni a ruwa, suka juye jirgina, suka bincika kowane lungu har cikin sumata, wai ko na ɗauko ɓera ko ƙwan wani ƙwaro. Al'adarsu ke nan, sun ce duk baƙon abu da ya sauka sai ya ƙwace gurbin wani. Da suka gamsu suka shayar da ni, suka kai ni wurin shugabarsu, wata tsohuwa mai suna Hakama, wadda bakinta ya fi wuƙa kaifi.

Da ta ji daga Kurmala nake, sai ta yi dariya ta ce ashe dangin ƙadangarunsu ne ya zo. Ta ba ni labari cewa a zamanin da, mutanen Kurmala sukan aurar da 'ya'yansu mata zuwa tsibirai, kuma kowace amarya takan tafi da ƙadangarun gidansu cikin gora don su yi mata shaidar aure. Waɗanda na gani a dutse, da na ciyawa, da masu kiwo, duk jikokin na amaren nan ne. Na ce mata wannan ba zai yiwu ba, ɗan kaza ai kaza yake zama. Ta ce in tashi in bi ta, tunda kunnena bai isa ba.

Ta tsayar da ni a gindin wata babbar bishiya. A ƙasa ga masu dogayen ƙafafu irin namu suna bin fara. A jikin kututture ga waɗansu masu ƙarfin farata suna cin tururuwa. A can sama cikin ganye ga koraye masu faɗin yatsu suna manne da ganye. Ta ce duk daga gorar amarya ɗaya suka fito. Lokacin da aka kawo su, Dankaro ba ta da tsuntsu mai cin ƙwari, bishiyar nan daga gindi har kai abinci ne ba mai ci. A kowace ƙyanƙyasa 'ya'ya ba sa fitowa daidai da juna, wani ƙafarsa ta ɗan fi tsawo, wani yatsunsa sun ɗan fi faɗi. Wanda ƙirarsa ta dace da wani gurbi da ba kowa, sai ya ci ya ƙoshi a can, ya haifi masu kama da shi, su ma cikin nasu 'ya'yan wanda ya fi dacewa ya fi haihuwa. Haka ake tafiya, jika bayan jika, har a manta cewa uwarsu ɗaya. Inda kuwa gurbin yake da mai shi, ba abin da ke canzawa.

Sai ta jawo wani siririn reshe ta kawo shi daidai idona. Ban ga komai ba da farko. Can sai wani ɗan abu mai launin ɓawo ya motsa, yana tafiya a hankali, cikinsa manne da reshen, gajerun ƙafafunsa sun rungume shi. Ya tsaya a bakin wata huda, ya zaro farar tsutsa ya haɗiye.

Na san wannan ƙira, na sha ganinta a faifan uwata da na yayata.

Hakama ba ta lura na gane shi ba, ta shiga tambayata kan masifarmu da na riga na ba ta labari. Ta ce tun yaushe tsuntsunmu ya ɓace, na ce tun zamanin kakata. Ta ce rassan cike da tsutsa, ba mai ci, na ce haka ne.

"To, ɗan nan, akwai abin da ba ka faɗa mini ba," in ji ta. "Gurbi ba ya zama wofi haka. Ai da tuni naku sun fara hawa. Ba a haifar muku masu gajerun ƙafafu ne?"

Na ce, "Ana haifa, Iya. Sun ma ƙaru tun bayan guguwar."

"Ina suke?"

Na faɗa mata. Na faɗa mata faifai, da gaɓar kudu, da Dutsen Shaida, da sunan da muke kiransu. Tsohuwar nan mai yawan magana ta saki reshen ya koma wurinsa. Da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Abin da kawai ta ce shi ne in yi sauri.

Suka cika mini wani kwando da 'yan ƙadangarun reshe, maza da mata, da ɗanyun rassa masu tsutsa don guzurinsu, da gorunan ruwa. Na juya ina tuƙi kamar mahaukaci, maganar Tabawa tana yi mini amo a kunne, wai kafin in iso ta tsabtace mini gida. Amma Tekun Toka ba ta san sauri ba. Iska ta kwanta ta bar ni ina shawagi a wuri ɗaya har rassan suka bushe, tsutsar ta ƙare. Na riƙa kama ƙudajen da ke bin jirgi ina ba su, waɗansu su ci, waɗansu su ƙi. Kowace safiya sai na tsinci matattu na zuba a ruwa, kuma duk lokacin da na yi haka sai in tuna faifai. Daga baya hadari ya taso, igiyar ruwa ta haye jirgin ta jiƙa kwandon da ruwan gishiri. Da gari ya lafa na buɗe, guda ɗaya ke motsi, namiji. Na sa shi cikin gorar da ta ƙare, na rataya a wuyana, na riƙa ɗiga masa ruwa daga bakina.

Tun daga nesa na ga Kurmala ta canza launi, ta zama toka-toka. Bishiyoyin yamma ma sun bi na gabas. A gaɓa na taras da sauran mutanen gari, 'yan gidaje kaɗan, sun ɗaure kaya, suna ta gyaran wani tsohon jirgi, ba su da wanda ya san hanyar teku. Suka ce bishiyoyi masu rai ba su wuce na unguwarmu ba, su ma ɗigo suke yi. Suka ce in ina neman yayata tana gaɓar kudu, lokacin ƙyanƙyasa ne.

Na same ta zaune a yashi, faifai a cinya. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo, amma da ta gan ni fuskarta ta yi haske irin wanda ban taɓa gani ba. Ta riƙe hannuna ta ce sannu da hanya, ta ce tana da albishir. Tun da na tafi ba ta bar yashin nan ba ko sau ɗaya a lokacin ƙyanƙyasa, ta kuma sa an hau bishiyoyi an kakkaɓo waɗansu manyan marowata da aka samu suna ɓoye a rassa, ashe su ke ta haifar da sababbi.

"Duba faifan nan, Cindo," in ji ta. "Bara kaɗan na samu. Bana ko ɗaya ba a ƙyanƙyashe ba. Na ƙarar da su."

Na so in yi mata ƙarya, wallahi na so. Na zauna kusa da ita, na kwance gorar, na karyo wani busasshen tsinke na ɗora ɗan ƙadangaren a kai. Ta kai hannu za ta ɗauke shi don sabo, sai na riƙe hannun. Na ce ta biyo ni. Muka je gindin bishiyar gidanmu, na jawo reshe mai sauran rai na sake shi. Ya tsaya jim, ya rungumi reshen, ya tafi a hankali har bakin wata huda, ya zaro tsutsa. Ya matsa gaba ya zaro wata.

Ban yi dogon bayani ba, Tabawa ba ta taɓa bukatar a maimaita mata abu ba. Ta tambayi abin da tsohuwar Dankaro ta ce, na faɗa mata duka. Ta tambaya ko wannan ɗayan zai iya haihuwa da matan namu, na ce wataƙila, amma kafin jikokinsa su yi yawan da za su ci ƙarfin tsutsa sai an yi ƙyanƙyasa da yawa. Ta ɗaga kai ta dubi rassan, ni ma na duba. Mu duka mun san bishiyoyin ba za su kai ba.

Ta zauna a kan saiwa, ta kamo hannuna na dama, ta riƙa juya ɗan yatsan nan.

"Ran da aka kira wanzami ya yanke maka wannan, ni na sace ka na ɓoye a kogon bishiyar nan har ya gaji ya tafi," in ji ta. "Na sha duka a kai. Na ce tunda da shi ka zo, a bar maka abinka." Ta saki hannuna, ta dubi reshen. "Su kuwa ban taɓa tambayar kaina ba."

Ba ta yi kuka ba, ni na yi.

Muka gama gyaran jirgi, aka kwashe ɗan ruwan da ya rage cikin goruna. Na yi niyyar kai mutanen Dankaro, in za su karɓe mu. Ranar tafiya kowa ya shiga, ban da Tabawa. Na roƙe ta, na yi mata faɗa, na ce zan ɗauke ta da ƙarfi. Ta ce in gwada. Dattawa suka ce a kai maganar Dutsen Shaida, ta ce ita ta gama da dutsen nan. Ta ce ɗigon bishiya ɗaya ya ishi mutum ɗaya na ɗan lokaci, kuma manyan ƙadangarun za su cinye baƙon ƙadangaren in ya sauko ba mai tsaronsa.

"Ni na zuba su a teku, Cindo. Bar ni in zauna in ga ko ɗaya zai dawo."

Na ce, "Yaya, in bishiyar ta mutu fa?"

Ta ce, "Tura jirginka, mutane suna jira."

Akwai mata da tsofaffi a jirgin, kuma ba wanda ya san hanya sai ni. Na tura. Da muka kewayo ta gefen gari na waiga, na hango ta a gindin bishiyarmu, ta juya mana baya, ta ɗaga kai tana duban rassa. Faifan yana yashe a gaɓa, ruwa yana wasa da shi. A kan Dutsen Shaida kuwa ƙadangarun sun taru suna shan hantsi, manya, lafiyayyu, masu dogayen ƙafafu, duk sun miƙe suna gyaɗa mana kai.

Mutanen Dankaro sun karɓe mu bayan sun bincike mu har suma. Da iska ta juya na koma Kurmala ni kaɗai da gorunan ruwa. Bishiyar ta bushe, kogon ya bushe. Na sami Tabawa a inda na bar ta, rai ya yi halinsa, na binne ta a yashin kudu, domin nan kaɗai ake iya haƙa. Ina cikin mayar da ƙasa wani ƙwai ya fashe kusa da gwiwata, ɗan ya fito, ƙafafunsa gajeru. Na ɗauke shi na zaga tsibirin duka, ban sami ɗanyen reshe ko ɗaya da zan ɗora shi ba.

Wannan shi ne abin da idona ya gani a Tekun Toka. Wanda ya saurara Allah Ya shayar da shi, wadda na binne Allah Ya jiƙanta.